Jar Tururuwa Mai Gadin Gona

Mu da muke harkar goro a Zangon Kumasi mun sha jin manoman Asante suna kuka da jar tururuwar nan mai ɗinke ganyen goro da na koko ta yi sheƙa. Cizonta kam ba daɗi, amma kashe ta asara ce.

Wani masani ɗan Ingila, Frederick Smith, ya raɗa wa danginta suna Oecophylla a 1860. Iri biyu aka fi sani: longinoda tamu ta Afirka, da smaragdina ta Asiya da Ostireliya. Abin mamaki, 'ya'yanta ne ke fitar da zaren ɗinkin.

Duk itacen da ta mallake, ƙwarin da ke tsotsar koko ba sa sakewa. A Jamhuriyar Benin ma an ga tana rage ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa.

Kada a haɗa ta da Crematogaster mai ɗaga gindi sama, wadda ire-irenta suka kai ɗaruruwa. Wasunsu na kiwon ƙwarin da ke yaɗa cutar kumburin reshen koko, wadda aka gano a ƙasar nan a 1936. Feshin magani barkatai kuwa har mai gadin yake kashewa, kaya su iso mana da tsutsa.