Abin da ya kamata ku sani idan kwamfuta tana lalata sunayen Hausa

Ma'aikacin rajista ya shigar da sunan ɗalibi, Baƙo Ɗanjuma, a allo komai daidai. Ranar da aka buga takardar sakamako sai ga Ba?o ?anjuma. A kantin magani kuma an buga rasit, inda ya kamata alamar ₦ ta fito sai aka ga â‚¦. Amsar da aka saba ba mutane a shagunan kwamfuta, a Azare da sauran garuruwa, ita ce wai kwamfuta ba ta jin Hausa, a rubuta da k da d kawai a huta. Wannan amsa ba gaskiya ba ce. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk suna da gurbinsu a tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Laifin na saiti ne, kuma sau da yawa yana wurin da ba a cika dubawa ba.

Bayanai suna ƙaruwa a ƙasar Katagum. Ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da kantuna. Matasan da suke rubuta manhajar rajista ko ta ciniki, da waɗanda suke biyan kuɗi a rubuta musu, duka suna bukatar sanin yadda abin yake tafiya.

Abubuwa uku ne suke aiki tare. Akwai manhajar da kuke gani a allo. Akwai rumbun bayanai, irin su MySQL ko PostgreSQL ko SQL Server, inda ake adana sunaye da lambobi. Tsakaninsu kuma akwai wata 'yar manhaja da masu sana'ar suke kira direba, irin su ODBC da JDBC da PDO. Aikinta aikin tafinta ne: ta karɓi magana daga wannan ta kai wa wancan. Idan ba a gaya wa tafinta yaren da za a yi magana da shi ba, zai ɗauko wanda ya saba da shi, kuma a nan ɓarnar take faruwa.

Kwamfuta lamba take adanawa a madadin kowane harafi. Tsohon tsarin ASCII na 1963 gurbi 128 ne da shi, na Ingilishi zalla. Latin-1 da ɗan'uwansa Windows-1252 sun faɗaɗa zuwa 256 domin harsunan Yammacin Turai, babu ƙ a ciki, babu alamar naira. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, shi ne ya warware matsalar: yana rubuta harafin Ingilishi da bayit ɗaya (bayit shi ne ma'aunin adana bayanai a kwamfuta), ƙ da bayit biyu, ₦ da uku. To amma MySQL ya daɗe yana zuwa da latin1 a matsayin saitinsa na asali, har zuwa sigar 5.7, sai a sigar 8.0 ta 2018 aka mayar da shi utf8mb4, wato UTF-8 na MySQL. Tsofaffin rumbuna da tsofaffin darussan intanet da ɗalibai suke kwafa har yau suna ɗauke da wancan saiti.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne mafi muhimmancin abin da za ku riƙe. Idan kun ga BaÆ™o, sunan yana nan da ransa. Bayit biyun ƙ, wato C6 da 99, an karanta su ne ɗaya bayan ɗaya da tsarin Turai, na farko ya zama Æ, na biyu ya zama ™. Ana iya mayar da su. Idan kuwa alamar tambaya ce aka adana, harafin ya tafi. Rumbun ya karɓi abin da ba shi da gurbinsa, ya jefar, ya sa ? a wurin. Babu wata dabara da za ta gano ko ƙ ce ko ɗ ko ɓ, sai dai a koma wa fom ɗin takarda a sake bugawa.

Kada ku yarda da abin da allo ya nuna muku, domin shi ma allon yana iya karantawa ba daidai ba. Ku tambayi rumbun lambobin da ya adana. A MySQL umarnin HEX ne yake nuna su. Baƙo mai lafiya zai fito 4261C6996F. Idan kun ga 42613F6F, wannan 3F ɗin alamar tambaya ce, an yi asara. Idan kuma a tsakiya kun ga C386E284A2, to an juya harafin sau biyu, ana iya gyarawa ta hanyar mayar da rubutun zuwa latin1 sannan a sake karanta shi a matsayin utf8mb4. Ku fara ɗaukar kwafin rumbun, ku gwada gyaran a kan kwafin. Wanda ya yi wannan juyi a kan layukan da lafiyarsu ƙalau, su ma zai lalata su.

Akwai wata cuta mai kwanciya. Idan direba da rumbu duka suna kan latin1, bayit ɗin suna shiga su fito yadda suke, manhaja ta nuna Baƙo daidai shekara da shekaru. Sai ranar da aka sayi sabuwar kwamfuta aka kwashe bayanan, a wayi gari sunaye sun rikice, a ɗora wa wanda ya yi kwasar laifi, alhali tun ranar farko aka gina abin a karkace.

Gyaran asali shi ne a sa wurare ukun su yi magana da tsari ɗaya. Jadawalin rumbu ya zama utf8mb4, shafin manhaja ya zama UTF-8, sannan a gaya wa direba ƙarara. A PHP ana ƙara charset=utf8mb4 a layin haɗi na PDO. Mai amfani da ODBC na MySQL zai ga direba biyu a jeri, ɗaya ANSI ɗaya Unicode, na biyun zai zaɓa. A SQL Server, gurbin suna ya zama NVARCHAR. Wanda yake kwaso jerin ɗalibai daga Excel kuma ya adana fayil ɗin a matsayin CSV UTF-8, domin CSV na gama-gari yakan zubar da lanƙwasa tun kafin a isa rumbun.

Wani lokaci ma haɗin ne ba ya yiwuwa sam. Idan PHP ya ce bai sami direba ba, yawanci layin pdo_mysql ne a kulle cikin php.ini, a buɗe shi a sake tayar da sabar Apache. A Windows, manhaja mai bit 32 ba ta ganin direba mai bit 64. Abin da yake ƙara rikita mutane shi ne kayan saitin ODBC na bit 64 suna cikin jakar System32, na bit 32 kuma suna cikin SysWOW64, akasin yadda sunayen suke nunawa. Tsohon direba kuma yakan kasa shiga MySQL 8.0 ko da kalmar sirri daidai take, saboda an sauya hanyar tantancewa, maganinsa sabunta direban.

Sai alhamza, wadda ta fi damuna saboda yawanta a sunayenmu: Jama'are, Sa'adu, Asma'u, Isma'ila, Rabi'u. A yaren SQL, wanda ake ba rumbu umarni da shi, wannan alama ita ce take buɗe rubutu ta rufe shi. Idan mai manhaja yana liƙa sunan kai tsaye cikin umarni, rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a Jama, ya rasa yadda zai yi da sauran, ya ƙi karɓa. Wasu sukan hana shigar da alamar gaba ɗaya, Asma'u ta koma Asmau a takardar shaidarta. Manhajar da alhamza take kayarwa tana da ƙofa a buɗe, domin ta wannan ƙofar ce ɓarayin intanet suke cusa nasu umarnin su kwashe bayanai. Direbobin nan duka suna da hanyar tura umarni daban, suna daban, kuma wannan hanya tana rufe ƙofar ta bar sunan yadda mai shi yake rubuta shi.

Idan ku ne za ku karɓi manhaja, ba sai kun iya rubuta ta ba kafin ku gwada. Kafin ku biya cikon kuɗi, ku sa a shigar da Baƙo Ɗanjuma daga Jama'are, da kuɗin makaranta ₦25,000. A rufe manhajar a sake buɗewa, a nemo sunan, a buga shi a takarda, a fitar da shi zuwa Excel, sannan a nuna muku lambobin da rumbun ya adana.