GANI YA KORI JI: SHIRIN ZIYARAR BIRNIN ZAZZAU A WATAN DISAMBA

Babu malamin makaranta a ƙasar Kano wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ya rubuta sunayen Hausa Bakwai ba, ya gaya wa yara cewa Zazzau ita ce ta can kudu duka. Ya kan ba su labarin Sarauniya Amina da ganuwarta, su kuwa su haddace, su zuba a takardar jarrabawa. Amma da za a tara malaman Kumbotso da na Kura da na Bunkure, a ce wanda ya taɓa tsayawa gindin ganuwar nan ya ɗaga hannu, lalle hannuwan da za su tashi ba su da yawa. Galibinmu mun sha ratsa Zariya cikin mota kan hanyarmu ta Kaduna ko Abuja, iyakar abin da mu ka gani gadar Kwangila ce da 'yan talla.

Wannan kuwa hasara ce, domin malamin da ya ke koyar da abin da bai gani ba, maganarsa ba ta da nauyi a kunnen yaro. Ga shi kuma tsofaffin gine-ginen ƙasa ba su jiran kowa. Kowace damina ruwa ya kan ci rabonsa, masu haƙar ƙasar gini su ci nasu. Saboda haka na ga ya kyautu in shimfiɗa wa 'yan'uwa malamai da ma'aikatan ofis yadda mutum zai shirya ziyarar kwana biyu, daga Jumma'a zuwa Lahadi, ba tare da ya ɓata aikinsa ko ya karya aljihunsa ba.

DON ME A KA ZAƁI DISAMBA?

Dalili na fari, ruwa ya ɗauke, an gama girbi, hunturu ya shigo, mutum na iya yini yana yawo a ƙasa rana ba ta galabaitar da shi ba. Na biyu, cikin watan ne makarantu su kan tashi hutun zangon farko, malami ya sami sararin kansa.

Amma fa akwai abu biyu da za a lura da su. Tun da a ka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani ya daina zama lokacin hutu a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Shukar alkama daga tsakiyar Nuwamba ta ke zuwa tsakiyar Disamba, ga dashen tumatir da albasa, malamai da yawa kuwa suna da ɗan filinsu a bakin magudanar ruwa. Wanda ya ke da shuka, kada ya tashi sai ya san ranar ban-ruwansa, ya kuma danƙa wa wani amintacce. Abu na biyu shi ne, daga wajen 20 ga wata hanya ta kan cika da masu tafiya gida bikin Kirsimati, kuɗin mota ya hau, masauki ya yi wuya. Don haka Jumma'ar farko bayan an ba da hutu ita ce ta fi.

HANYA

Daga Kano zuwa Zariya kimanin kilomita 150 ne, kan babbar hanya mai tagwayen titi. Mutumin Kumbotso ya fito ya kama hanyar Zariya ya haye gadar Tamburawa. Na Kura hanya ta biyo ta ƙofar gidansa, na Bunkure kuwa ya fito Kura ko nan kusa ya tari mota. Daga nan sai Kadawa, Ciromawa, Kwanar Dangora, a shiga Jihar Kaduna, a wuce Tashar Yari. In mota lafiyayya ce, sa'a biyu ta isa.

Ita kanta hanyar darasi ce. Ta wannan nahiya ce rundunar Turawan Ingila ta biyo da ta taso daga Zariya ƙarshen Janairu 1903, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Bayan shekara takwas, watau a 1911, dogon jirgin ƙasa ya biyo bayanta har Kano, wanda shi ya buɗe cinikin gyaɗa.

A tashi da safe bayan gari ya waye sarai, gama hazon hunturu ya kan rufe wa direba ido da asuba. Kada kuma a yarda dare ya yi wa mutum a hanya, zuwa ko komowa. Rigakafi ya fi magani.

RAN JUMMA'A: SAMARU DA KONGO

Abin da ya sa na ce a tashi tun safiyar Jumma'a shi ne ofisoshi ba su buɗewa Assabar da Lahadi. Daga Kwangila sai a juya a nufi Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke, wadda a ka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962. Mutumin ƙasar noman rani yana da dalili na musamman na zuwa nan. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba, domin tun 1922 a ka kafa gonar gwaji a wurin, kuma tashar gwajin noman rani ta Kadawa, wadda mu ke wucewa kullum, reshenta ce. Irin masara da wake da gyaɗa da dawa waɗanda a ke sayarwa da sunan da ya fara da SAM, daga nan su ka samo sunan. Malamin da ya ke koyar da aikin gona, in ya aika da takarda tun da wuri, ya iya samun wanda zai zaga da shi.

Bayan sallar Jumma'a sai a gangara Kongo. Akawu ya kamata ya san wannan wuri, gama a nan ne a ka kafa makarantar koyon aikin akawu a 1947 don horar da ma'aikatan En'e, wadda ta zama makarantar koyon sha'anin mulki a 1954. Alƙalai da ma'aji-ma'aji da hakimai da yawa na Jihar Arewa ta dā sun zauna cikin azuzuwanta. Yanzu sashe ne na jami'a, inda a ke karatun shari'a da na mulki.

Kafin magariba a nemi masauki. Akwai gidajen saukar baƙi a Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada, amma a kama ɗaki tun daga gida ta waya, kada a dogara ga sa'a.

RAN ASSABAR: CIKIN BIRNI

Wannan ita ce babbar rana. A shiga ta Ƙofar Doka, a tsaya a dubi abin da ya rage na ganuwa. A sa wani ɗan gari ya lissafa sauran ƙofofin, kamar su Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Jatau, da Ƙofar Tukur-Tukur, ya faɗi inda kowace ta dosa. Wanda ya zana taswirarsu cikin littafinsa ya sami darasin mako guda.

Game da Amina, akwai abin da ya kamata malami ya riƙe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, watau cikin ƙarni na 15, ya ce ta ci ƙasashe har Nufe da Kwararrafa. Lissafin sarakunan Zazzau kuwa ya sa hawan Bakwa Turunku a 1536, alhali an ce Amina 'yar Bakwa ce, ita da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Tsakanin lissafin nan biyu akwai shekara wajen 100. Kyakkyawan malami ya kan ajiye wa manyan ɗalibai duka biyu, ya koya musu yadda a ke auna magana da magana.

Daga ƙofa sai fada. Da jihadi ya zo, Malam Musa ya karɓo tuta ya ci birnin, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828. Bayan da a ka zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai a ka ba shi wannan suna, tsohon garin ya koma Suleja. Ashe ke nan sunan babban birnin Nijeriya daga gidan sarautar Zazzau ya fito. Sarautar Fulani kuwa ta zauna cikin gidaje huɗu, Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa. Sarki Shehu Idris ya yi mulki daga 1975 har ya rasu a 2020, a ka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli na gidan Mallawa. Fada ba kasuwa ba ce. Masu son shiga su rubuta wa sakataren majalisar Sarki tun da sauran kwanaki, su zo cikin kamala, su tuɓe takalmi inda a ke tuɓewa, kada kuma su ɗauki hoto sai da izini.

Dab da fada ne wurin babban masallacin Jumma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara kaɗai ya ɗaga bakan gizo masu tsawo, ya ɗora rufi a kansu, har masanan gini na ƙasashen waje su ka riƙa zuwa suna aunawa suna rubutawa. Cikin shekarun 1970 a ka kewaye shi da ginin zamani don a tsare shi. Ran Jumma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe nasa ya rufta, mutane su ka rasu, Allah ya jiƙansu. Daga baya a ka kafa asusun sake gina shi. Abin da ya tsaya shekara wajen 190, ga shi cikin yini ɗaya ya tafi, wanda ya yi ta cewa sai baɗi ya je ya gani, ya makara. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ke cewa a tafi bana.

Da yamma a ratsa unguwanni a ƙasa. Zuriyar Babban Gwani na nan a unguwar da ta ci sunansa. A dubi zankwaye da zanen da magina su kan yi a fuskar zaure, a tsaya wurin masu ɗinkin babbar riga da hannu, a wuce ta Unguwar Juma da Kona, waɗanda su ka yi suna wajen karatun littattafai, har almajirai su kan taso daga nesa neman nahawu. Mutumin Kura, wanda garinsa ya shahara da rini da rawani ɗan Kura, ba zai rasa abin hira da masu sana'ar tufa ba.

RAN LAHADI: KUFENA DA WUSASA

Da sassafe a nufi yamma da birni, wajen dutsen Kufena, inda a ka ce sarauta ta zauna bayan ta baro Turunku. Kada a hau sai da ɗan gari, gama baƙo ko da ido makaho ne. Kusa da nan Wusasa ta ke, inda 'yan mishan ɗin da Likita Mila ya kawo cikin birni a 1905 su ka koma a 1929. Majami'arsu ta farko da tubali a ka gina ta, ginin Hausa sosai. Lahadi ranar ibadarsu ce, saboda haka mai son ganin ginin ya jira a tashi, ya nemi izini da ladabi. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Kan hanyar komowa a biya ta unguwar Gaskiya. Kamfanin Gaskiya an kafa shi a 1945, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta fara fita tun Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na edita. Yawancin littattafan Hausa da iyayenmu su ka karanta a elementare daga Zariya su ka fito. Nan kusa kuma Kwalejin Barewa ta ke, wadda ta fara a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna Zariya a 1949. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi ta tana Katsina, Gowon da Murtala Muhammad sun yi ta tana Zariya. Da an yi azahar sai a kama hanya. Lokacin rake ne, ƙasar Maƙarfi kuwa gidansa ce, tsarabar yara ba za ta yi wuya ba.

GUZURI DA SHARAƊI

Tafiyar mutum ɗaya tsada gare ta. Malamai shida ko takwas su haɗa kai, su fara zuba adashi daga albashin Oktoba, su naɗa ma'aji, su yi shatar mota guda wadda za ta zauna tare da su. A raba kuɗi kashi huɗu: na mota, na masauki, na abinci, da na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa shi sai dole. A tambayi farashi a tasha cikin makon tafiya, domin na watan jiya ba ya aiki. Kowa ya riƙe rigar sanyi da bargo, da man shafawa, da katin shaida, da littafin rubutu.

Wanda zai tafi da ɗalibai, nauyinsa ya ninka. Sai da izinin hukumar ilmi a rubuce, da yardar iyaye a rubuce, da malama mace in akwai 'yan mata, kuma a ƙidaya yara duk inda a ka sauka da duk inda a ka tashi. Shawarata ita ce malamai su fara zuwa su kaɗai bana, su san wuri, sa'an nan su kai yara baɗi.

In an komo, kada abin ya tsaya a hira. Kowa ya rubuta abin da ya gani, a karanta wa yara makon farko na sabon zango, a liƙa taswirar ƙofofi a bangon aji. Sa'an nan a tura su su tambayi tsofaffin garinsu inda tasu ganuwar ta bi, da inda karofi ya ke, su rubuta tun masu sani suna da rai. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.