Fuska biyu na wuraren wasannin Turai da Amurka a lokacin kaka

Duk wanda ya je Disneyland Paris a watan Oktoba, kabewa ce za ta fara tarbarsa tun daga ƙofa. Kabewar da muke miyar taushe da ita, a can an rarake cikinta, an yanka mata idanu da baki, an jera ta a bakin hanya da saman shaguna. Haka abin yake a Europa-Park na ƙasar Jamus, inda ake zube dubbanta, da lambun Tivoli na babban birnin Denmak, wanda aka buɗe tun 1843. Adon bikin Halowin ne da ake yi a daren 31 ga Oktoba, amma wuraren wasanni sun ja shi har ya cinye wata guda ko fiye. Magidancin da ya tara kuɗi don ya kai iyalinsa irin wannan wuri a kaka ya kamata ya san cewa a wannan lokaci wurin fuska biyu gare shi, ta rana da ta dare, kuma kowace da waɗanda aka yi ta dominsu. Wanda ya rarrabe su tun daga gida zai more tafiyarsa, wanda bai rarrabe ba yana iya sayo wa ɗansa firgita da kuɗinsa.

Kasuwa ce ta haifi wannan rabuwa. Da zarar dogon hutu ya ƙare a farkon Satumba, yara sun koma makaranta, sai ciniki ya faɗi a waɗannan wurare. A 1973 Knott's Berry Farm na jihar Kalifoniya ya gwada shirya 'yan darare na ban tsoro don jawo samari da 'yan mata, abin kuma ya karɓu. A 1991 Universal Studios na Fulorida ya fara nasa, wanda a yau ake kira Halloween Horror Nights, yana ɗaukar kusan wata biyu. A irin wannan dare ana shiga gidaje masu duhu, 'yan wasa shafe da jinin ƙarya suna faɗo wa mutum daga lungu, wasu riƙe da zarto mai inji. Tikitinsa daban ne da na rana, kuma kamfanin da kansa yana gargaɗin cewa bai dace da yaron da bai kai shekara 13 ba. Disney ya bi wata hanyar: a Magic Kingdom na Orlando, tun watan Agusta ake fara dararen rabon alawa da jerin gwano na ƙananan yara, su ma da tikitinsu na musamman, yayin da a Disneyland Paris adon rana da wasanninsa suna cikin tikitin yau da kullum. Ke nan kalmar Halowin a jikin talla tana iya nufin wasan yaro ɗan shekara 5, tana kuma iya nufin abin da zai hana babba barci.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan rarrabewa ba ta da amfani, tunda bikin kansa bai dace da aƙidarmu ba. Wannan magana tana da nauyi. Tushen bikin yana komawa ga Samhain na mutanen Ayilan da Sukotilan na dā, bikin ƙarshen girbi da suka yi imanin ruhohin matattu na kusantar masu rai a darensa. Daga baya ya haɗu da jajiberin ranar tsarkaka ta Kirista, 1 ga Nuwamba, sannan 'yan ci-ranin Ayilan suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Musulmi da yawa da wasu Kiristoci suna ƙaurace masa saboda haka. Gaskiya ne wurin wasa ba ya neman kowa ya yi wata ibada, kuma lilo da jiragen da ke gudu a kan dogo su ne dai na sauran watanni. Amma kada a yaudari kai: hotunan fatalwa da mayu da ƙwarangwal suna ko'ina har da rana, ba yadda za a rufe wa yaro ido. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba, ya tuntuɓi malaminsa, ya kuma mayar da tafiyar Mayu ko Yuni, ba abin da zai rasa. Wanda ya yanke shawarar zuwa kuwa ya tsaya ga shirin rana, ya kuma riƙa duba alawar da ake raba wa yara, domin yawancin alawa mai danƙo a Turai da sinadarin jelatin na alade ake yin ta.

Wasu kuma za su ce ai kaka lokacin araha ne da ƙarancin jama'a. Rabin gaskiya ce. A ranakun aiki na farkon Oktoba layuka gajeru ne, amma makarantun Faransa suna hutun mako biyu daga tsakiyar watan zuwa farkon Nuwamba, yawancin na Ingila suna hutun mako guda a ƙarshensa, kuma farashin tikiti yana hawa da sauka ne gwargwadon ranar da aka zaɓa. Hausawan da ke zaune a Turai masu yara 'yan makaranta kusan ba su da zaɓi sai waɗannan ranaku masu cunkoso. Mai tasowa daga Kano ko Yamai kuwa, Oktoba lokacin karatu ne a wurinsa, kuma babu lilon da ya cancanci a cire yaro daga aji na tsawon mako biyu. Shi ya sa wannan tafiya ta fi dacewa da masu yaran da ba su fara makaranta ba. Ga kuma biza: ta shiga ƙasashen Turai na yankin Shengen tana cin Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya. Tun ran gini ran zane.

Yanayi ma yana goyon bayan shirin rana. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba yawancin ƙasashen Turai suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, rana ta riƙa faɗuwa a Faris wajen ƙarfe biyar da rabi. Azahar da La'asar da Magariba sai su matso kusa da juna, don haka darduma a jaka da sanin lokutan sallar garin suna cikin guzuri. Sanyin can yakan zo da yayyafi, yana ratsa jiki fiye da hunturunmu busasshe, kuma yaron da ya yi awa takwas a waje ya gaji tun kafin duhu. Fulorida ba ta da wannan sanyi, sai dai lokacin guguwarta ba ya ƙarewa sai 30 ga Nuwamba. Kafin a biya kuɗi, iyaye su buɗe shafin wurin su duba ko tikitin na rana ne ko na dare, shekarun da aka ƙayyade, da tsayin da ake bukata kafin yaro ya hau kowane lilo, sannan su auna yaransu a jikin bango. Idan an isa, a shiga da hantsi, a fito kafin Magariba.