Bayan Naruto, wane anime ya dace da mai son labarin faɗa?

A harshen Japananci, kalmar shonen na nufin yaro matashi, kuma da ita ake kiran labaran zane da mujallu irin su Weekly Shonen Jump ke buga wa samari. Daga wannan mujalla, wadda aka kafa a 1968, aka samo Dragon Ball da Naruto da One Piece.

Matsalar irin waɗannan ita ce tsawo. Naruto da ci gabansa Shippuden kashi 720 ne, kuma da yawa ciko ne kawai: idan shirin talabijin ya kusa cim ma littafin da ake bugawa mako-mako, sai a ƙirƙiro labaran gefe har marubucin ya yi nisa. Mai sayen data da guminsa ya kamata ya san haka.

Shi ya sa Fullmetal Alchemist: Brotherhood na 2009 ya fi dacewa a fara da shi. Kashi 64 ne, kuma ya bi littafin Hiromu Arakawa sau da ƙafa. Labarin wa da ƙani ne, Edward da Alphonse, da suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Wan ya rasa ƙafa da hannu, ƙanin ya rasa jikinsa ɗungurungum. A kula, akwai na 2003 da ya kauce wa littafin.

Sai Hunter x Hunter na 2011, mai kashi 148, inda dabara ta fi ƙarfin damtse aiki a fagen faɗa. Farkonsa kamar wasan yara, amma gaba akwai kashe-kashe masu tayar da hankali, don haka bai dace a bar wa ƙananan yara shi ba.