Keke, Gora da Hawan Jini: Yini Guda a Arashiyama

Shekara 22 ke nan ina Libreville, amma in ka tambaye ni abin da na sani na ƙasar Gabon, ba zai wuce hanya uku ba: daga gida a Batterie IV zuwa shago, daga shago zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo, sai masallaci ran Juma'a. Sana'ata kayan mota ce, injuna da giyabos na hannu. Na san da yawa cikin masu karanta wannan mujalla haka rayuwarsu take, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wani yini guda da ya sauya mini lissafi.

Kafin tafiyata Japan ta bara, jiri ya kwashe ni a shago. Likita ya auna ni, ya ce tansiyo ta hau, ya rubuta magani, ya kuma ce in riƙa motsa jiki. Na ce to, na ninke takardar na sa aljihu. Uwargida ce ta kasa haƙuri. Daren da zan tafi ta ce, "Alhaji, kwantena nawa za ka sauke kafin ka yarda jikinka ba ƙarfe ba ne? Yaron nan naka shekararsa 16, rabon da ku zauna ku yi hira tun yaushe?" Ban tanka ba, don gaskiya ta faɗa. Tsakanina da babban ɗana maganar ba ta wuce "Baba, kuɗin lakwal" da "Baba, kuɗin waya" ba.

A Osaka na sauka, wurin wani ɗan Pakistan da muka daɗe muna hulɗa. 'Yan ƙasarsu sun yi ƙarfi ƙwarai a cinikin tsofaffin motoci a Japan. Muka gama zaɓen injuna, sai lodi ya tsaya kwana biyu. Ina zaune ina danna waya, ina faɗa da yaran shago daga nesa, sai ya ce, "Gobe ka je Kyoto, na yi maka rajistar yawon keke." Na yi dariya. Rabona da keke tun ina saurayi a Maradi, lokacin da nake kai wa mahaifina saƙo Tibiri a kan wata tsohuwar Raleigh mai kariya ɗaure da roba. Amma baƙo ba ya ƙin tayin mai masauki.

Da sassafe na hau jirgin ƙasa, na sauka a tashar Saga-Arashiyama, a yammacin Kyoto. Mu biyar ne: ni, wani dattijo da matarsa daga Faransa, da wasu 'yan mata biyu. Jagoranmu saurayi ne mai jin Faransanci. Ya ba kowa keke da hular kwano, ya daidaita mana sirdi, ya gwada birki ɗaya bayan ɗaya. Kekunan irin na matan gida ne, masu kwando a gaba, waɗanda suke kira mamachari. Ya ja mana kunne a kan abu biyu: a Japan hannun hagu ake bi, kuma ba a ajiye keke inda aka ga dama, don hukumar birni tana kwashewa. Ba mu yi mita 200 ba na koma hannun dama irin na Libreville. Wata tsohuwa mai keke ta ja birki a gabana. Ina jiran zagi, sai ta sunkuyar da kai ta ba ni haƙuri. Kunya ta kama ni har wuya.

Dalilin fitowar sassafe, in ji jagora, shi ne in rana ta ɗaga hanyar dajin kan cika maƙil kamar Mont-Bouët ana gobe salla. Da muka isa bakin dajin sai ya ce mu sauka mu tura kekunan, kowa kuma ya kashe ƙarar wayarsa.

Jama'a, na san gora. A gida da ita ake sandar makiyayi da ta makaho, a nan Gabon kuma duk wanda ya bi hanyar Kango ya ga kurminta a bakin titi. Amma ban taɓa tsayawa a ƙarƙashin irin wannan ba. Kowace ɗaya kaurinta ya kai cinyar yaro, tsayinta ya fi bene mai hawa huɗu, a miƙe sambal, sun haɗe kai a sama har rana ba ta sauka sai ɗigo-ɗigo. Da iska ta kaɗa sai ka ji suna gogar juna, ƙyas-ƙyas, ganye na shuu daga can sama. Jagora ya ce a 1996 hukumar muhalli ta Japan ta zaɓi sautuka 100 na ƙasar da ya kamata a adana, kuma ƙarar wannan daji na Sagano tana ciki. Na ce a raina, ikon Allah, mutanen da suka mai da ko ƙarar iska dukiya.

Ya durƙusa ya nuna mana wani toho mai gashi-gashi da ya ɓullo daga ƙasa, don watan Mayu ne. Irin wannan gora, moso, tohonta kan yi kusan mita guda a yini in yanayi ya yi daidai, kuma cikin wata biyu ta gama tsayinta. Yaya abu zai yi wannan saurin ba shi da ko ganye? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Duk gorar da muke gani saiwa ɗaya ta haɗa su, manyan ne ke ciyar da sabon toho har ya tsaya da ƙafarsa. Nan take na tuna maigidana na farko, Allah ya jiƙansa, wanda ya karɓe ni a garin nan ba ni da ko sefa, ya ba ni tabarma da abinci wata takwas. Masu kula da daji kuma sukan sare tsofaffi a kai a kai, don in an bar su suka cunkushe, haske ba ya shiga, dajin ya lalace. Ya nuna mana wasu da baƙi suka ƙarce da wuƙa suka rubuta sunayensu. Tabon gora ba ya warkewa, wadda aka ji wa rauni sosai sai dai a sare.

Daga nan muka shiga lambun Tenryu-ji. Zan faɗi gaskiya, da na ji wurin bautar mabiya Buddha ne sai na ja baya. Na gaya wa jagora ni Musulmi ne, ba zan rusuna wa komai ba. Ya ce babu wanda zai nemi haka, kuma lambun ma tikitinsa daban. Na tsaya a lambu. An kafa wurin a 1339, bisa umarnin shugaban mayaƙa Ashikaga Takauji. Gobara ta ci gine-ginen sau takwas, amma tafkin da duwatsun da wani malaminsu, Muso Soseki, ya tsara suna nan yadda ya bar su. Kyoto ce mazaunin sarkin Japan daga 794 har 1868, kuma a 1994 UNESCO ta sa wurare 17 na tsohon birnin da kewayensa cikin kayan tarihin duniya, har da wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da na gani durƙushe yana tsince ciyawa da yatsu daga cikin gansakuka. Shekara kusan 700 ana wannan tsintar, shi ya sa lambun bai mutu ba. Na tuna ganuwar Kano da na gani ana ɗibar ƙasarta ana bulo, na yi shiru.

Muka hau kekuna muka nufi arewa, hanya ta fara hawa. Nan jikina ya tona mini asiri. Dattijon Bafaranshe, wanda ya girme ni da shekara kusan 20, ya wuce ni yana murmushi, ni kuwa numfashi kamar zugazugin maƙeri. Jagora ya dawo baya, ya sauka, muka tura tare. Bai ce komai ba, ya dai rage tafiya daidai da tawa. Sai na tuna asalin kalmar a bakinmu: ja-gora, mai riƙe kan sandar makaho. Ga ni a dajin gora, ga mai ja.

Muka bi ta Saga-Toriimoto, tsohon layi mai gidajen katako, wasu da rufin ciyawa kamar na ƙauyukanmu sai dai kauri. A can sama akwai Adashino Nenbutsu-ji, wanda ke da nasa ƙaramin dajin gora, shiru tsit, ba cunkoso. Amma ba gorar ce ta kama ni ba. A filin wurin an jera ƙananan duwatsu kusan 8,000, alamun kaburburan mutanen da suka mutu tun ɗaruruwan shekaru, waɗanda babu sauran mai tunawa da su. An tono su ne warwatse a yankin aka tara wuri guda. Na tsaya ina kallo, sai 'yan'uwanmu da muka binne a Libreville suka faɗo mini, waɗanda suka zo da niyyar shekara biyu su koma, ƙasar nan ta riƙe su. Ko Samori Ture, da duk dakarunsa, a Ndjolé ya cika a 1900, nesa da gida. Na taɓa aljihu, takardar likita na nan a ninke. Na ce, Alhaji, in ka faɗi gobe, me yaron nan zai ce ya sani game da kai ban da lambar akawun?

Da azahar muka gangaro bakin kogi kusa da gadar Togetsukyo. Na nemi gefe na shimfiɗa rigar sanyi. Waya ta nuna mini alƙibla yamma, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas", ga ni ina salla ina kallon mafaɗar rana. Jagora ya tsaya nesa kaɗan yana gadin kekena har na sallame. Ya ce in na sami lokaci in je Kobe, akwai masallacin da aka buɗe tun 1935, yaƙin duniya da girgizar ƙasar 1995 duk ba su kayar da shi ba. Abincin rana na ci shinkafa da tofu da dafaffen tohon gora, bayan na tambaya an tabbatar mini babu nama babu giya a ciki. Ɗanɗanonsa tsakanin rogo da ɗanyar masara.

Ɗan kasuwa ba ya barin lissafi. A jirgin komawa na auna: jarin saurayin nan kekuna ne 'yan ƙalilan, da harshe, da sanin tarihin unguwarsu. Ba kwantena, ba kwastan, ba kuɗin sito. Har labarin Thomas Edison ya ba mu, yadda a 1880 ya yi amfani da zaren gorar Yawata, kudu da Kyoto, a cikin ƙwan lantarki, ya ci fiye da awa 1,000. Me zai hana yaranmu masu Faransanci da Ingilishi su yi irin wannan a gida? Daga Dala zuwa Kasuwar Kurmi, zuwa marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, ai tafiyar keke ce ta safiya guda. Haka Katsina, daga Gobarau zuwa Ƙofar Soro.

Cikin kwantenar nan, a bayan injuna, na sa kekuna uku na hannu. Ran da aka sauke, yaron ya dube su ya ce, "Baba, na sayarwa ne?" Na ce, "A'a, ɗaya naka, ɗaya nawa, ɗaya na ƙanwarka." Ya yi zaton wasa nake.

Lahadin farko bayan sallar asuba muka gangara daga Batterie IV zuwa bakin teku, kafin motoci su fito. Muka yi wajen Lycée Léon Mba muka juyo. Ƙafafuna sun yi kwana uku suna ciwo. Da rani ya shigo a watan Yuli, muka ɗora kekuna a bayan a-kori-kura muka bi ta Okala da Angondjé, hanyar Cap Estérias, zuwa Arboretum Raponda Walker, tsohon dajin Mondah. Sunan wani limamin kirista ne ɗan ƙasar, André Raponda-Walker, wanda tare da Roger Sillans ya wallafa littafi a 1961 a kan tsirrai masu amfani na Gabon. Muka tuƙa a hanyar waje, muka ajiye kekuna, muka shiga da ƙafa da ɗan jagora. Ya nuna mana okoumé, ya ƙarce ƙaronsa ya ba mu mu shinshina, ya ce da shi mutanen da suke yin jiniya. Shekara 22 ina ganin gungumensa a Owendo, ban taɓa ganinsa a tsaye da ransa ba, kuma bai kai tafiyar awa guda daga ƙofar gidana ba. Ƙasar da ta ware gandayen daji 13 a 2002, ta kuma fara tseren keke na Tropicale Amissa Bongo a 2006, mu kuwa muna cikinta kamar masu jiran mota a tasha.

A hanyar dawowa sarƙar kekena ta zame. Yaron ya durƙusa ya mai da ita, hannunsa duk baƙin mai. Yana goge hannu ya ce, "Baba, wai da gaske kana zuwa Tibiri a keke? Nawa ne nisan?" Daga wannan tambaya muka yi hirar da ta kai mu gida. A ranar na ji cewa kanikancin injin jirgin ruwa yake so ya koya, ba zaman shago ba. Ban amince ba tukuna, ban kuma ƙi ba, muna kan magana.

Ga mai son gwadawa: a fara ganin likita in akwai hawan jini ko sukari, kada a bar magani don an hau keke. A fita da sassafe, a sa hular kwano, a duba birki, a ɗauki ruwa da takardun zama. Daga Yuni zuwa Satumba ya fi daɗi, kafin ruwan Oktoba ya mai da hanya taɓo. In daji za a shiga, a ɗauki jagora, kada a yi ƙyashin kuɗinsa. Wanda kuma harka ta kai shi Osaka ko Nagoya, ya ware yini guda. Shago ba zai gudu ba. Nawa ma da na rufe waya ranar nan, na dawo na tarar an yi ciniki lafiya lau.

Ina nan ina shan maganina, likita ya ce awon ya fara sauka. Uwargida kuma ta ce saura nata keken, amma a tsakar gida za ta fara koyo, kada matan unguwa su gani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gida da alheri.