Gidajen tsofaffi na ƴan kasuwa a Faransa: daga ina riba take fitowa?

A nan wajenmu tsoho a gida yake tsufa, tsakanin ƴaƴa da jikoki. A Faransa kuwa, inda ƴan uwanmu da dama suke zaune, idan tsufa ya kai mutum ga kasa yi wa kansa wanka ko cin abinci, sau da yawa akan kai shi gidan kula da tsofaffi da ake kira EHPAD. Akwai irin waɗannan gidaje kusan 7,500. Wasu na gwamnati ne, wasu na ƙungiyoyin taimako, wasu kuma na kamfanoni masu neman riba.

Kuɗin gidan daga wuri uku yake shigowa. Asusun lafiya na ƙasa yana biyan jinya, hukumar yanki tana taimakawa da kuɗin hidimar wanda ba ya iya yi wa kansa, ɗaki da abinci kuma tsohon ne ke biya. In fanshonsa bai isa ba, doka tana iya tilasta wa ƴaƴansa su cika.

To ina ribar take? Kamfani yana samunta ne ta hanya biyu: ya tsawwala kuɗin ɗaki, ko ya rage abin da yake kashewa. Babban abin da ke cin kuɗi kuwa shi ne albashin ma'aikata. In an rage su, mai jinya ɗaya sai ta yi ta gudu tsakanin ɗakuna, tsoho yana kwance yana jiran a juya shi.

A watan Janairun 2022, ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafin Les Fossoyeurs a kan kamfanin Orpea. Ya rubuta cewa a wani gidansu da ke Neuilly, kusa da Paris, inda kuɗin wata ya zarce miliyan 4 na Sefa, ana ƙayyade wa tsofaffi kunzugu da abinci. Cikin ƴan kwanaki aka sallami babban daraktan kamfanin. Gwamnati ta sa bincike, ta nemi a mayar da miliyoyin Yuro na kuɗin jama'a, ta kuma ce za a binciki dukkan gidajen. A 2023 wani rukuni a ƙarƙashin Caisse des Dépôts, asusun gwamnati, ya karɓi ragamar kamfanin, a 2024 aka sauya masa suna zuwa Emeis.

Ba kowane gidan ƴan kasuwa ne haka ba, amma tsada ba ta nufin kulawa. Ɗan uwa da ke can, in kana da tsoho a irin wannan gida, ka tambayi ma'aikata nawa ke kwana da dare, ka nemi a rubuta maka abin da kuɗinka ya ƙunsa, ka riƙa zuwa lokacin cin abinci ba tare da ka sanar ba. Gani ya kori ji.