Sunan Yaro Da Kayan Juji

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu duba abu biyu waɗanda muke wucewa kullum a Yola da Jimeta ba mu kula ba, watau sunayen yaranmu da kayan da ake zubarwa a juji.

A ƙasashenmu ba a raɗa suna a banza. Yola kanta daga kalmar Fillanci ce, yolde, watau tudu, inda Modibbo Adama ya zauna a 1841. Bahaushe yakan ce Ɗanjuma ko Jummai ga wanda aka haifa ran Juma'a, Tanko ga namijin da ya biyo mata, Gambo ga mabiyin tagwaye. Fulani suna kiran ɗa na biyu Sambo. Mutanen Akan na Gana su ma suna bin ranaku: Kofi na Juma'a ne, Kwame na Asabar.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Ajuji. In mace tana wabi, watau 'ya'yanta suna mutuwa tun suna jarirai, akan ɗora sabon jaririn a kan juji, a ɗauko shi, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ashe abin da aka nuna kamar an yar, shi ne aka fi so.

To, haka masu hikimar hannu suke yi da kayan juji. A kasuwar Jimeta akan mai da gwangwani fitila ko mazurari, tsohuwar taya kuwa ta zama takalmi. Wani mutumin Gana, El Anatsui, wanda aka haifa a 1944, ya kama koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Yakan tara murafan kwalabe dubbai, a daddale su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama kamar wani babban zane mai walƙiya. A 2023 an rataye aikinsa a gidan Tate Modern na Landan.

Saboda haka in mun kama aji, kada mu bari a yi wa Ajuji dariya har ya ji kunyar sunansa ya sake shi. Mu sa kowane yaro ya tambayo dalilin sunansa a gida. Kuma a lokacin aikin hannu kada mu zauna jiran kayan kanti. Gwangwani da waya da karan dawa sun isa.